Guɗar da Na Haɗiye a Dubai

Tun ranar da na sauke jakata a Wusasa ban sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta shigo ta ce, Maman Rahila, da gaske ana share titinsu da sabulu? Waccan ta ce ina tsarabarta. Wata kuwa, ba sai na kama suna ba, ta san kanta, sau huɗu tana zuwa tana tambayata ko na hau dogon benen nan da ake nunawa a waya. Ban hau ba. Ni da gwiwa ta sa gaba, me zai kai ni? To, ku matan zumunta, tunda kun ƙi bari in huta, na sa an sayo mini littafi, zan rubuta sau ɗaya. Duk wadda ta sake tambaya, karatu zan miƙa mata.

Kun san ni da guɗa. Shekara talatin da wani abu mijina, marigayi Malam Dauda, yana shugabancin kwaya a cocinmu, kuma duk ranar da suka rera waƙa ta yi daɗi, kafin ya sauke hannu na toshe hanci na rangaɗa. Ya yi faɗa har ya gaji. Yakan ce, "Saratu, ki bari a kai ƙarshen baiti mana." In ce to, Lahadi na zagayowa in sake.

Kun kuma san cewa shekara uku ke nan ba wanda ya ji ta. Ranar da aka rufe Malam, 'yan kwaya suka kewaye kabari suna waƙa, kowa ya zuba mini ido, don dattijon da ya bar 'ya'ya da jikoki ana raka shi da guɗa. Na ɗaga hannu zuwa hanci, ba abin da ya fito.

Abin da ba ku sani ba shi ne maganar da na faɗa wa autana Ishaya da yammar ranar. 'Ya'yanmu uku ne, Rahila da Ladi da shi. Yana Dubai yana gyaran AC, bai daɗe da kama aikin ba, aka ce in ya tafi ya tafi ke nan. Da salari ɗinsa ake biyan kuɗin asibitin babansa, kuma Malam da bakinsa ya ce masa ya zauna. Duk na san wannan. Amma da ya kira yana kuka, sai na ce, "Babanka 'ya'ya uku ya haifa, ni biyu na gani." Na kashe wayar. Tun daga nan magana tsakaninmu ba ta wuce ina kwana, ya aiki, ya gwiwa. Na yi nadama tun a daren, amma bakina ya yi nauyi, shi ma bai sake tayar da zancen ba.

Kwatsam bana sai ya kira Rahila, ba ni ba, ya ce wai akwai bikin waƙoƙi da ake yi duk shekara a wani babban coci can, na tsofaffin waƙoƙin Ingila, har mawaƙa ke zuwa daga wani katidiral, wato babban coci, na Ingilar, kuma an sa shi a ciki. Ko Mama za ta zo? Na ce wa Rahila ni ba inda za ni. Ta ce, "To shi ke nan," ta je ta kai fasfo ɗina. Biza ta wahalar da su wata da watanni, ni ina ta addu'ar kada ta fito, ina kuma leƙa wayar Rahila in ga ko ta fito.

Da ta fito na ɗaure garin kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji da garin masara. Muka kama hanyar Kano da sassafe. Direban yaron kirki ne, sai dai ya ɗauka motar jirgi ce. A Kwanar Ɗangora na ce masa, "Ɗana, jirgin yana Kano yana jirana, ba sai ka gwada mini tun yanzu ba." Mutanen mota suka yi dariya, ya rage gudu na minti biyar.

A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, 'yar kasuwa daga Kano, mai sarin mayafai da takalma. Ita zuwa Dubai kamar zuwa cefane ne a wurinta. Ta ga ina kokawa da bel, ta miƙo hannu ta ɗaure mini ba tare da ta tambaya ba, ta ce, "Yaya, zuwan farko ne?" Na ce ya nuna ne? Ta ce, "Kin riƙe jaka kamar za a ƙwace." Da jirgi ya ɗaga ni ina kiran Yesu, ita tana salati, hannunmu a haɗe, ban san wadda ta fara kamo wata ba.

Mun yada zango a Addis. Can na gamu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta ina kallo, mutane na kewaye ni. Hajiya ta ce, "Tattare zani, taka kawai, yalla." Na taka da ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi biyowa. Ba don wani bawan Allah ya tare ni ta baya ba, da a nan tafiyar ta ƙare. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta kuma yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Kafin mu kwana biyu a Dubai duk unguwarsu ta Deira an ji.

A filin jirgin Dubai aka tsayar da ni gaban kyamara. Na gyara ɗankwali, na yi murmushi, na sunkuyar da ido irin na mutunci. Jami'in, saurayi cikin farar riga ƙal, yana ta nuna mini idonsa yana buɗewa. Ashe ƙwayar ido suke so, ba fuska ba. Na zare masa ido irin yadda nake zare wa jikoki, nan take ƙofa ta buɗe. A wajen binciken kaya kuma wani ya buɗe robar daddawa, ya ja da baya taku biyu. Hajiya ta matso tana cewa abinci ne, shwaiya ne kawai, wato ɗan kaɗan. Ya rufe da sauri, ya ce, "Khalas, yalla." Bai ma taɓa sauran ƙullin ba.

Ishaya na tsaye bayan ƙarfe yana jira. Na hango shi kafin ya hango ni. Ya yi baƙi, ya yi zuru-zuru, gashin gabansa ya fara ja da baya daidai inda na babansa ya ja. Ya zo ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, ya ce, "Mama, sannu da hanya." Duk maganar da na shirya a jirgi ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba ka cin abinci ne?" Ya ce yana ci. Ya ɗauki jaka. Ko rungumarsa ban yi ba.

Masauki kuma sai da aka yi ja-in-ja. Inda yake kwana a Muhaisnah na maza ne zalla, mace ba ta shiga, don haka ya kama mini ɗaki a wani ƙaramin otal. Hajiya ta ji, ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Ka ajiye tsohuwa ita kaɗai cikin ɗaki tana kallon bango? Da wa za ta yi hira, da AC?" Haka na koma fulat ɗinsu a Deira, ɗaki biyu, mata bakwai, duk 'yan kasuwa, kwalaye har rufi. Suka ba ni gadon ƙasa saboda gwiwa. Kwana na farko na kunna famfon sanyi zan wanke fuska, ruwan zafi ya fito. Na kunna ɗayan, shi ma zafi. Suka ce rana ce ke dafa tankin, in ina son mai sanyi in tara a bokiti tun safe.

Ishaya yana aiki har kwana uku, don haka na zama 'yar rakiyar Hajiya a Murshid Bazaar. Jama'a, kasuwa ce mai lungu-lungu, ko'ina ƙarar salatif, ana naɗe kaya za a kai kago, inda ake aika su gida. Hausa kuwa kamar kana Sabon Gari. Har wani Ba'indiye mai shago ya ce mini, "Sannu Mama, ina gajiya." Abincinsu shinkafa ce doguwa mai ƙamshi, an zuba mata kayan ƙamshi har ta rasa inda za ta sa kanta, ba yaji ko kaɗan. Shayin kuma a ɗan kofi kamar na magani, amma wallahi da daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum zai bar kwalayensa a bakin titi ya tafi salla, ya dawo ya same su yadda ya bari.

Rana ta biyu muna zaune kan dila muna jiran masu awo, Hajiya ta ce, "Yaya, me ke tsakaninki da yaron nan? Kuna gaisawa kamar surukai." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na faɗa mata, wataƙila don ba ta san kowa a Wusasa ba. Sai ta ce, "Mu kin san ba ma jira. In mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. Ina nan garin, a shagon can, aka kira ni mahaifiyata ta rasu. Kafin in sami jirgi an yi sadakar uku. Da wani ya faɗa mini abin da kika faɗa wa ɗanki, da har yau ban warke ba." Ta faɗa ba fushi, tana ɓare gyaɗa. Na ji haushi, na kuma san gaskiya ta faɗa.

Ranar hutunsa na tuƙa tuwo da miyar kuka, na sa daddawar da ta tsallake boda, ya zo ya tafi da ni Muhaisnah. Gine-gine ne a jere iri ɗaya, ko'ina kayan aiki a shanye, fararen bas-bas kamar an zuba. Muka zauna a bencin wani mai shayi a bakin ƙofa. Ya kira abokin ɗakinsa, Malam Isuhu, dattijo daga Maraɗi mai tuƙa bas ɗin ma'aikata. Mutumin nan ya kai loma ɗaya ya rufe ido ya ce, "Inna, Allah shi yi miki albarka, yau na je gida."

Da Ishaya ya shiga ɗauko takardun waƙarsa, Malam Isuhu ya matso. Ya ce, "Inna, yaron ga naki, ran da aka yi jana'iza, jakarsa a ɗaure take. Ya tsaya bakin ofis yana roƙon izinin tafiya tun safe har rana ta raba. Da ya komo, kwana uku bai ci ba. Da can in yana wanka duk bene na jin waƙarsa. Bon, shekara guda cur ban ji ko gunguni ba." Ya ce wata rana aka tura shi gyara a cocin nan, yana kan tsani 'yan kwaya na gwaji a ƙasa, sai bakinsa ya kama bin su bai sani ba. Tsohuwar Baturiya mai koyarwa ta tsayar da kowa, ta ɗaga kai ta ce wane ne a rufi. "Yanzu kullum a bas yake bita, ƙasa-ƙasa. Ni Musulmi ne, ban san abin da suke cewa ba, amma na haddace rabi."

Ishaya ya dawo da takardu. Irin rubutun waƙa na Turawa ne, layuka biyar da ɗigo-ɗigo masu wutsiya, wanda mu ba mu karantawa. Amma a ƙarƙashin kowane ɗigo ya sa fensir ya rubuta do, re, mi, yadda babansa ke rubuta wa 'yan kwaya a allo. Har yadda yake lanƙwasa harafi irin na Malam ne. Na shafa takardar. Na ce, "Rubutunka bai gyaru ba har yanzu." Kun ji ni fa. Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, na tsaya ina duba fenti.

A hanyar mayar da ni ya yi ta murza hannu, can ya ce, "Mama, akwai wani abu. Bikin nan ba kamar na gida ba ne. Ba a rawa, ba a amsawa. Ko tafi ba a yi sai an gama duka, kuma ana ɗaukar sauti. In an gama waƙa akan yi shiru, shirun ma cikin waƙar yake. Don Allah, Mama, ban da guɗa." Na ji kamar ya mare ni. Na ce, "Kwantar da hankalinka. Guɗata tare aka rufe ta da babanka, in da ka zo da ka gani." Ya juya yana kallon taga har muka iso. Na kwanta ina tsine wa bakina.

Bikin kwana uku ne, nasu ranar ƙarshe, Asabar da la'asar. Na ci ado da atamfar zumunta. Hajiya ta dube ni ta ce, "Sanyin AC ɗin mutanen nan sai ya kashe ki." Ta buɗe kwali ta zaro sabon mayafi ruwan toka, cikin na sayarwa, ta yafa mini. Ta ce, "Ni ba zan shiga ba, amma ki dawo mini da labari mai daɗi, in ba haka ba a waje za ki kwana."

Cocin ba irin namu ba ne da za ka hango hasumiya tun daga nesa. Katanga ce, a ciki ɗakunan sujada birjik, kowace al'umma da lokacinta. Waɗannan na fita, waɗancan na shiga, Indiyawa, 'yan Filifin, Habashawa cikin fararen mayafai. Babban zauren ya cika maƙil, amma shiru kamar ana jiran alƙali. Aka ba ni takarda mai jerin waƙoƙi, na zauna kusa da wata tsohuwa Ba'indiya. Ba ganga, ba tulu, ba kacau-kacau, sai molo ƙato mai bututu da ke sa benci rawa a ƙarƙashinka.

Baƙin Ingila suka fara, cikin dogayen riguna ja. Gaskiya a faɗe ta, mutanen nan sun iya. Murya ta shiga, wata ta bi ta, wata ta zo ta ƙarƙashi, ba wanda ke danne wani, kuma ko numfashi tare suke ja. Amma tsaye suke ƙiƙam, ko kafaɗa ba mai motsawa. Na ce a raina, wannan daɗi haka a ce ƙafa ba za ta taɓa ba? Da suka tsaya na ɗaga hannu zan tafa, tsohuwar nan ta dafa ni a hankali ta girgiza kai. Ashe hutun tsakiya ne. Wani dattijo a gabanmu tari ya kama shi, ya riƙe har kunnensa ya yi ja. Na tausaya masa ƙwarai.

Sai aka kira mazauna garin su haɗu da baƙin. Na ga Ishaya a layin baya, na uku daga hagu, cikin farar riga da na san shi ya goge da kansa, don hannu ɗaya ya fi ɗaya kwanciya. Tsohuwar Baturiya ta fito, 'yar ƙarama, gashi fari fat, ta ɗaga hannu. Waƙar yamma ce, mai tafiya a hankali. Suka yi nisa, sai duk muryoyin suka sauka ƙasa-ƙasa, ta juya ta nuna shi da yatsa ɗaya.

Bai faɗa mini zai rera shi kaɗai ba.

Layi huɗu ne kacal. Ya karkata kai hagu, ya ɗaga diddige zai kamo muryar sama, kuma jama'a, Malam Dauda ne. Muryarsa ce sak, ta lokacin da yake saurayi yana zuwa zance ƙofar gidanmu da keke. Tsigar jikina ta tashi. Sai na ji abin da ban ji ba shekara uku, ya taso daga cikin cikina, ya bi ƙirji, ya iso maƙogwaro da ƙarfinsa. Hannuna ya kama hanyar hanci da kansa.

Waƙar ta ƙare. Baturiyar ta bar hannunta a sama, zaure ya yi tsit. Wannan ne shirun da ya faɗa mini. Na tuna yadda ya murza hannu yana roƙona. Yaron nan sau ɗaya ya roƙe ni abu cikin shekara uku. Na cusa mayafin Hajiya a baki na cije da duk haƙoran da suka rage mini. Jikina na ɓari, hawaye na zuba, tsohuwar Ba'indiya ta riƙe mini gwiwa ta ɗauka ciwo ne ya taso. Ban san tsawon shirun nan ba, a wurina ya kai shekara. Da hannun ya sauka aka ɓarke da tafi, ni ko tafin ban iya ba.

Bayan an tashi aka ba da shayi da biskit a tsakar gida. Ishaya ya kawo malamar tasu, ta riƙe hannuna biyu tana magana, ya fassara wai duk wanda ya koyar da shi ya san aikinsa. Na ce ya gaya mata babansa ne. Ya gaya mata. Amma ni bai kalle ni ba.

Muka fita wajen katanga inda motoci ke tsayawa, rana ta yi sanyi, Malam Isuhu na jiran mu can gefe a cikin bas. Ishaya na gaba da takardunsa, ina biye. Sai ya tsaya tsakanin motoci biyu, bai juyo ba, ya ce, "Mama, bai yi ba ko?"

Na ce, "Me?"

"Na saurara. Da ta riƙe hannu a sama, ni ke nake saurare. Ban ji komai ba."

Na ce, "Kai Ishaya, ba kai ka hana ni ba?"

Ya juyo, ido jawur. "Na hana. Baba ma shekara talatin yana hana ki, yaushe kika taɓa ji? Na ce in dai ya yi miki daɗi, in dai kin huce da ni, ba za ki iya riƙewa ba. Ko da za su kore ni daga kwayar."

Wayyo ni Saratu. Ashe ni ina can ina kashe kaina don in yi masa biyayya, shi yana can yana karanta shiruna a matsayin hukunci. Na zare mayafin na miƙa masa. Gefen ya jiƙe sharkaf, ga hudar haƙori har uku, sabon mayafin mutane. Na ce, "Duba nan. Ga inda ta tsaya." Ya juya shi a hannu yana kallo.

Na kamo kansa, sai da ya sunkuyo don ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Na ce, "Maganar da na faɗa maka ranar nan, ƙarya na yi, baƙin ciki ne ya yi magana. Uku na haifa, uku nake gani. Babanka bai tafi da fushinka ba, ni ma ba ni da shi. Ka yafe wa uwarka." Ya fashe da kuka a kafaɗata, ƙato da shi, takardu suka zube.

Na ce, "Nan ma ana ɗaukar sauti?"

Ya girgiza kai.

Na toshe hanci na sake ta. Ayyiririri! Ta fito da tsatsarta da farko, sannan ta washe, ta bugi katanga ta dawo. Mai gadi ya taho a guje. Turawa masu shiga mota suka tsaya da makulli a hannu. Sai ga shi daga bakin ƙofa matan Habasha masu fararen mayafai sun juyo, ba su san ni ba, ba su san dalili ba, suka amsa da irin tasu. Malam Isuhu ya danna hon.

Ishaya na dariya yana share fuska da hannun riga. Ya durƙusa yana tattara takardu, sai ya ɗago ya ce, "Mama, wannan tawa ce. Saura ta Baba."

Na dafa mota. Na ja numfashi, na tuna bakin kabarin nan da 'yan kwaya suna jirana. Na yi masa ita doguwa, wadda ban taɓa yin irinta ba, ɗansa na durƙushe a gabana. Wannan karon ba wanda ya ce in bari a kai ƙarshen baiti.

Da na koma fulat na nuna wa Hajiya ɓarnar da na yi, na ce ta faɗi kuɗinsa. Ta ɗaga mayafin a haske, ta leƙa ta cikin hudar, ta ce, "Ki riƙe abinki, Yaya, wa zai sayi mayafin da aka ci?" Sannan ta juya baya tana gyara kwalin da ba abin da ya same shi.

Sauran kwanakin Ishaya ya kai ni wani gari wai shi Hatta, na ga duwatsu da dam, amma kada ku tambaye ni kamanninsu, hira muka yi tun daga tafiya har dawowa. Mayafin na nan cikin akwati tare da littattafan waƙar Malam, sai Ishaya ya zo hutu ya ɗauki littattafan. Ranar Lahadi kuma, duk wadda ta san kunnenta ba lafiya, kada ta zauna kusa da ni.